Wanda ya sha harshensa a nono, me zai koma aji ya koya? Tambayoyi da amsoshi kan horon ƙwarewa a harshen Inuktut

A can ƙuryar arewacin Kanada, a yankin Nunavut, akwai azuzuwan da ɗalibansu duk manya ne, magidanta da iyaye mata da ma'aikatan ofis, kuma kowannensu ya tashi da Inuktut a bakinsa tun yana goye. Duk da haka sukan ajiye abin da suke yi, su zauna wata da watanni suna karatun wannan harshe nasu. Wanda ya fara jin labarin yakan yi mamaki, kuma yana da gaskiyarsa. Ga tambayoyin da suka fi zuwa bakin mutane, da amsoshinsu.

Tukuna, mene ne Inuktut, kuma su wa ke magana da shi?

Inuktut suna ne da ya tattaro karin harshen al'ummar Inuit na Kanada baki ɗaya. A Nunavut ya ƙunshi manyan rassa biyu: Inuktitut, wanda mafi yawan garuruwa ke yi, da Inuinnaqtun, wanda ake ji a yamma, musamman a Kugluktuk da Cambridge Bay. Mutum ɗaya daga cikinsu shi ne Inuk, jama'ar kuma Inuit.

Nunavut ta zama yanki mai gwamnatin kansa a ranar 1 ga Afrilu, 1999. Garuruwanta 25 ne, babu titin mota da ya haɗa wani da wani, sai dai jirgin sama, ko jirgin ruwa idan ƙanƙara ta saki. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 36,858 a can, kuma kusan 85 cikin ɗari Inuit ne. Babban birnin shi ne Iqaluit. Akwai Inuit kuma a Nunavik ta arewacin Kebek, da Nunatsiavut ta Labrador, da yankin Inuvialuit a yamma, amma yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafi Nunavut ne, domin a can doka ta ɗaga harshen zuwa matsayin harshen gwamnati.

To wanda ya iya harshen tun yana yaro, me kuma ya rage masa?

Abin da ya rage masa da yawa. Hira da kaka a ɗaki daban, rubuta wa minista takardar bayani daban. Mutum zai iya ba da labarin farauta daga farko har ƙarshe ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma a miƙa masa kasafin kuɗin hukuma a ce ya bayyana wa taron jama'a da Inuktut, sai ka ga bakinsa na neman kalma, ya kai hannu ga Turanci. Ba gazawarsa ba ce. Duk karatun da ya yi na lissafi da kimiyya da doka da Turanci aka ba shi, saboda haka a wannan fagen da Turanci yake tunani. Inuktut ɗinsa ya tsaya a inda makaranta ta bar shi, wato a ƴan ajin farko na firamare, alhali Turancinsa ya yi ta girma har sakandare da kwaleji.

Wannan giɓi shi horon yake son cikewa. Ana so wanda ya iya magana ya iya rubutu mai tsafta bisa ƙa'ida, ya san dalilin da ya sa jimla ta zama daidai ko kuskure, ya iya gyara rubutun wani, ya jagoranci taro, ya karantar, ya yi tafinta a gaban alƙali. A taƙaice, ya yini yana aiki da harshensa ba tare da ya ari na wani ba.

Akwai kuma wani abin da masu harshen da kansu suke faɗa. Da yawa daga masu matsakaicin shekaru sun san Inuktut ɗinsu bai kai na iyayensu zurfi ba. Kalmomin ƙanƙara da iska da sassan jikin dabba, da sunayen zumunta, da salon da dattawa ke sasanta rigima, duk sun fara yin ƙaranci a bakinsu, domin rayuwar gari ba ta neman waɗannan kalmomi kullum. Sukan zo aji ne su ɗebo abin da ya zube.

Ya aka yi giɓin ya yi faɗi haka?

Tarihi ne mai zafi. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 gwamnatin Kanada ta tattaro Inuit daga sansanoninsu na farauta ta zaunar da su a garuruwa, ta sa yara a makarantun da Turanci kaɗai ake ji a cikinsu. Wasu an raba su da iyayensu an kai su makarantun kwana, irin ta Chesterfield Inlet da ta Churchill a Manitoba. Da yawa daga cikinsu sun ba da shaida daga baya cewa an hukunta su saboda sun yi magana da harshen gidansu. Yaron da aka daka saboda harshensa, ko ya girma ya ci gaba da yinsa, yakan girma da jin cewa harshen na gida ne kawai, ba na takarda ba.

Da aka kafa Nunavut an sa rai lamarin zai juya. A 2006 tsohon alƙali Thomas Berger ya miƙa rahoton da ya ce muddin ana son Inuit su riƙe ayyukan gwamnatinsu, sai an karantar da yara da harsuna biyu tun daga ajin farko har ƙarshen sakandare. Dokar ilimi ta 2008 ta sa 2019 a matsayin wa'adin cika wannan. Wa'adin ya zo ya wuce ba a cika ba, saboda babu isassun malamai masu Inuktut. A 2020 majalisa ta gyara dokar ta ɗage wa'adin a hankali har zuwa 2039, kuma a 2021 ƙungiyar Nunavut Tunngavik, wadda ke wakiltar Inuit ɗin yankin, ta kai gwamnatin kotu a kan batun.

A tsakanin nan harshen yana ja da baya. Hukumar ƙididdiga ta Kanada ta nuna cewa a 2001 kusan 72 cikin ɗari na mutanen Nunavut ne suka ce Inuktut ne harshensu na farko. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kusan 65.

A ina ake ba da wannan horo?

Wurin da ya fi suna shi ne cibiyar Pirurvik da ke Iqaluit, wadda Leena Evic, tsohuwar malamar makaranta, ta kafa tare da abokin aikinta Gavin Nesbitt a 2003. Ma'anar sunan Pirurvik ita ce wurin bunƙasa. Cibiyar tana da shirin Qimattuvik domin waɗanda suka riga suka iya harshen suna son kai shi matakin aiki, da shirin Aurniarvik domin Inuit ɗin da harshen ya kuɓuce musu suna son dawo da shi, da Aqqusiurvik mai horar da masu karantarwa. Tana gudanar da su ne da haɗin gwiwar Jami'ar Victoria, saboda haka wanda ya kammala yakan fita da takardar shaidar jami'a.

Kwalejin Nunavut Arctic ita ma tana da shirin horar da tafintoci da masu fassara, ga kuma shirinta na horar da malaman makaranta, wanda ya daɗe yana yaye malamai Inuit. Ita kanta gwamnatin Nunavut takan shirya wa ma'aikatanta gajerun kwasa-kwasai, na masu koyo daban, na masu harshen daban.

Me ake karantarwa a ajin?

Abu na farko shi ne ginin kalma. Inuktut harshe ne da ke ɗaukar saiwa ɗaya ya yi ta liƙa mata ɗafa-ƙeya har kalma guda ta zama jimla. Ga misali wanda malaman harshen ke yawan kawowa: qangatasuukkuvimmuuriaqalaaqtunga. Kalma ɗaya ce, ma'anarta kuwa "zai zama dole in je filin jirgi". A farkonta akwai saiwar tashi sama. Aka ƙara ɗafin da ke nuna abin da ya saba yin haka, ya zama jirgi. Aka ƙara na wuri, ya zama filin jirgi. Sai na zuwa wurin, sai na tilas, sai na lokaci mai zuwa, sannan na ƙarshe da ke cewa ni. Mai harshen yana furta wannan cikin numfashi ɗaya ba tare da ya yi tunani ba. A aji sai a sa shi ya warware ta gaɓa-gaɓa kamar mai kwance tufka, ya ga inda baƙi ya haɗiye baƙi, inda sauti ya sauya saboda maƙwabcinsa. Wanda ya taɓa ganin cikin kalma haka, idan ya zo rubutu ba ya ƙara yin kame-kame, kuma idan ɗalibinsa ya tambaye shi dalili yana da amsar da ta wuce "haka ake faɗa".

Akwai kuma adadi. Inuktut yana da tilo, da na biyu, da jam'i. Inuk mutum ɗaya, Inuuk mutum biyu, Inuit uku zuwa sama. Aikatau ma yana bin wannan tsari, har yana nuna mai aikatawa da wanda aka aikata wa a ɗafi guda. Sigar biyu tana cikin abubuwan da ke fara zamewa daga bakin matasa, domin Turanci ba shi da ita, kuma malamai suna tsayawa a kanta sosai.

Batun lokaci ya fi burge ni. A karin kudancin tsibirin Baffin, aikatau yana rarrabe abin da ya faru yanzun nan, da wanda ya faru ɗazu a yau, da wanda ya faru jiya ko kafin jiya, da na can da daɗewa, kowanne da ɗafinsa: rataaq, qqau, lauq, lauqsima. Mai zuwa ma haka, niaq na an jima, laaq na gobe ko gaba da gobe. Ka ɗauka shaida yana gaban kotu ya ce ya ga mutumin, ya yi amfani da qqau. Ya riga ya faɗi cewa a ranar ce. Tafintan da ya mayar da wannan Turanci ba tare da ya kula ba ya jefar da rabin shaidar.

Bayan nahawu akwai rubutun aiki: wasiƙa, rahoto, sanarwa, taƙaitaccen bayanin taro, da buga su a kwamfuta. Akwai magana gaban jama'a. Akwai karanta tsofaffin hirarrakin da aka naɗa da dattawa, ana tsinto kalmomin da suka ɓata.

An ce rubutu iri biyu gare su. Wanne ake koya?

Duka biyun. Akwai qaniujaaqpait, rubutun gaɓoɓi, inda alama ɗaya ke wakiltar baƙi da wasali tare, kuma juya alamar shi ke sauya wasalin: ᐱ pi, ᐳ pu, ᐸ pa. Ɗigo a sama yana nuna dogon wasali, ƙaramar alama kuma baƙin da ya rufe gaɓa. Da shi Inuk ya zama ᐃᓄᒃ, Inuuk ya zama ᐃᓅᒃ. Ɗigon nan kaɗai ya raba mutum ɗaya da mutum biyu. Asalin rubutun na masu wa'azin Kirista ne na ƙarni na 19. An fara shi domin harshen Cree, wata al'ummar ƴan asalin Kanada, aka daidaita shi da Inuktitut, kuma mai wa'azi Edmund Peck ya yaɗa shi tun daga 1876. Inuit sun karɓe shi sun mayar da shi nasu, iyaye suna koya wa ƴaƴa a cikin tanti tun kafin a gina makaranta ko ɗaya. Shi ya sa dattawa ba sa son a taɓa shi.

Akwai kuma qaliujaaqpait, da haruffan Romawa. Masu Inuinnaqtun da shi suke rubutu. A 1976 Cibiyar Al'adun Inuit ta daidaita rubutun biyu yadda za a iya mayar da ɗaya zuwa ɗayan harafi da harafi. A 2019 kuma ƙungiyar Inuit Tapiriit Kanatami, wadda ke wakiltar Inuit na Kanada baki ɗaya, ta amince da tsarin bai ɗaya na haruffan Romawa, Inuktut Qaliujaaqpait, wanda zai iya rubuta sautin kowane kari, ba tare da an soke rubutun gaɓoɓi ba. Wanda zai yi aiki da harshen dole ya iya zirga-zirga a tsakaninsu.

Kuskuren da aka fi gyarawa a rubutu ƙanana ne a ido, manya a ma'ana. Qimmiq kare ne, kimmik diddige. Mai karanta Hausa da ya san abin da ke tsakanin kafa da ƙafa ba ya bukatar ƙarin bayani.

Karin wane gari ake ɗauka a matsayin daidai?

Wannan tambaya tana ta da jijiyoyin wuya. Ko kalmar godiya ba ɗaya ba ce: a arewacin Baffin qujannamiik, a kudancinsa da Nunavik nakurmiik, a yankin Kivalliq ma'na, masu Inuinnaqtun kuma quana. Mutanen Gjoa Haven da Taloyoak da Kugaaruk suna da sautukan da wasu ba su da su. Na Sanikiluaq, a tsibiran Hudson Bay, bakinsu ya fi kusa da na Nunavik. Tunda ofisoshin gwamnati da gidan rediyo suna Iqaluit, mutanen yamma sukan yi ƙorafin cewa karin Baffin ya danne nasu a takardu.

Aji mai kyau ba ya sa mutum ya zubar da karin garinsu. Yana ƙarfafa shi a kan nasa, sannan ya buɗe masa kunne ga na wasu. A ganina wannan shi ne daidai, kuma shi aiki yake bukata. Tafinta a majalisar dokoki ta Iqaluit zai fassara bakin wakilin Pond Inlet da safe, da rana kuma na Arviat. Daidaiton da ake nema na ƙa'idar rubutu ne da kalmomin fannoni, yadda takarda ɗaya za ta karantu a garuruwa 25.

Idan babu kalmar wani abu a harshen fa?

Sai a ƙera ta, kuma Inuktut yana da kayan ƙira. Kwamfuta ita ce qarasaujaq, abin da ya yi kama da ƙwaƙwalwa. Intanet kuma ikiaqqivik, daga tsohuwar kalmar da ke nufin ratsa hawa-hawa, wadda a da ake faɗa game da tafiyar da boka ke yi don gano labarin na nesa. Doka ita ce maligaq, abin da ake bi, majalisar dokoki kuma maligaliurvik, wurin da ake yin abin da ake bi. Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin daidaita irin waɗannan kalmomi ita ce Inuit Uqausinginnik Taiguusiliuqtiit. Takan tara dattawa da tafintoci da masana fannin su zauna a kan kalma har su daidaita.

Misalin da ya fi nuna nauyin aikin shi ne na ciwon daji. Shekara da shekaru kalmar da ake fassara shi da ita tana nufin cutar da ba ta warkuwa. Ka duba halin tsohuwar da likita ya gano mata ƙari tun yana ƙarami, wanda aiki zai iya cirewa, amma abin da ya shiga kunnenta ta bakin tafinta shi ne cutarta ba ta da magani. Me zai sa ta hau jirgi zuwa Ottawa ta yi watanni nesa da jikokinta? Ƙungiyar matan Inuit ta Pauktuutit ta haɗa masana harshe da na lafiya suka fitar da sabuwar kalma, kaggutiq, daga saiwar da ke nufin abin da aka ture daga tsarinsa, suka kuma wallafa ƙamus na kalmomin cutar da wannan suna. Ɗaliban horon ƙwarewa suna koyon yadda ake irin wannan aiki: yadda za a binciki tsohuwar kalma kafin a ƙago sabuwa, da yadda za a gwada sabuwar a kunnen dattijo a ga ko ta zauna.

Ba za a iya kiran duk wani mai jin harsunan biyu ya yi tafinta ba?

Haka ake yi a wurare da yawa, kuma nan matsalar take. A ƙananan cibiyoyin lafiya, ma'aikatan jinya galibi daga kudancin Kanada suke zuwa, ba sa jin Inuktut. Idan babu horarren tafinta, sai a kira magatakarda, ko mai shara, ko jikan mara lafiyar. Yarinya ƴar sakandare ta tsaya tsakanin kakanta da ma'aikaciyar jinya, ana maganar mafitsara, ga kunya ga rashin kalma. An ce ya sha ƙwaya biyu kowace awa takwas bayan cin abinci, kada ya haɗa da wancan maganin. Ta faɗi abin da ta iya, ta tsallake abin da ya fi ƙarfinta, kakan ya gyaɗa kai don kada ya ba ta kunya. Kowa ya fita yana zaton an fahimci juna. Ofishin Kwamishinan Harsuna na Nunavut ya taɓa binciken babban asibitin Qikiqtani da ke Iqaluit, ya kuma gano cewa rashin fahimtar harshe yana taɓa lafiyar marasa lafiya kai tsaye.

Kotu ma haka. Kotun Nunavut takan bi garuruwa da jirgi tana zaman shari'a, kuma doka ta yarda wanda ba ya jin Turanci ko Faransanci ya zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Wannan yana nufin kowace kalma ta lauya sai ta bi ta bakin tafinta, tusaaji da harshensu. Kalmomi irin su amsa laifi, beli, niyya, suna ɗauke da ma'anar da shari'ar Kanada ta ba su, wadda ba lallai ta zo daidai da yadda Inuit suka gaji kallon laifi da gyara ba. Tafinta yana bukatar sanin gidajen biyu, da riƙon sirri, da ƙarfin zuciyar cewa "a maimaita, ban ji ba" a gaban alƙali.

Akwai aikin yi bayan an gama?

Aikin ya fi masu yinsa yawa. A 2008 majalisar Nunavut ta zartar da dokoki biyu: ta harsunan gwamnati, wadda ta sa Inuktut kafaɗa da kafaɗa da Turanci da Faransanci, da ta kare harshen Inuit, wadda ta ba ma'aikacin gwamnatin yankin damar yin aikinsa da Inuktut, ta kuma wajabta wa hukumomi da kamfanoni su yi wa jama'a hidima da shi, daga allon ƙofa har takardar biyan kuɗi. Sashe na 23 na Yarjejeniyar Nunavut ta 1993, wadda aka ƙulla tsakanin Inuit da gwamnatin Kanada, kuma ya ce yawan Inuit a aikin gwamnati ya zo daidai da yawansu a cikin jama'a, wato kusan 85 cikin ɗari. Shekara da shekaru adadin yana yawo a wajen rabi, kuma ya fi ƙasa a manyan muƙamai.

Saboda haka makarantu na neman malamai, majalisa da kotu da asibiti na neman tafintoci, gidajen rediyo da talabijin na neman masu gabatarwa, kamfanin ɗab'i irin Inhabit Media na neman marubuta da editoci. Gwamnatin Nunavut tana kuma biyan ma'aikatanta alawus na harshe hawa uku, gwargwadon abin da jarrabawa ta nuna: mai magana, mai magana da karatu da rubutu, sannan gwani.

Wa ke biyan kuɗin karatun?

Hanyoyi ne da dama. A 2015 gwamnatin tarayya ta sasanta ƙarar da Nunavut Tunngavik ta shigar kan rashin cika yarjejeniya, ta biya dalar Kanada miliyan 255.5. Daga ciki aka ware miliyan 175 domin horar da Inuit, aka kafa hukumar Makigiaqta ta kula da su. Akwai tallafin ɗalibai na gwamnatin yankin, akwai ƙungiyoyin Inuit na shiyya-shiyya irin su Kakivak a yankin Baffin. Wasu kuma ma'aikatarsu ce ke ba su hutun karatu.

Manhajar fassara ba ta rage bukatar mutane ba?

Microsoft ta sa Inuktitut a manhajarta ta fassara a 2021, Google ta biyo baya a 2024. Suna da amfani wajen gane kan magana. Sai dai daga cikin manyan abubuwan da irin waɗannan injina ke koyo daga gare su akwai rubutattun muhawarorin majalisar Nunavut, waɗanda mutane suka yi shekaru suna fassarawa da hannu. Abin da injin ya fitar kuma sai an sami wanda ya fi shi sani ya duba, musamman a harshen da ɗafi ɗaya a tsakiyar kalma ke mayar da "zai iya" ya koma "ba zai iya ba".

Ba gara a zuba kuɗin kan yara da waɗanda ba su iya harshen ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma masu yinta ba maƙiyan harshen ba ne. Amma wa zai karantar da yaran? Dalilin da ya sa wa'adin 2019 ya faskara shi ne rashin malamai. Wanda bai iya harshen ba zai ɗauki shekaru kafin ya kai matakin tsayawa gaban aji. Wanda ya tashi da shi kuwa tafiyarsa gajera ce, abin da yake nema nahawu ne da rubutu da dabarun koyarwa. Kowane ɗaya da aka horar zai iya riƙe aji, ya rubuta littafi, ya horar da wasu. Ni dai ban ga wata hanya da ta fi wannan sauri ba.

Girinlan, maƙwabciyarsu ta gabas, ta nuna abin da zai yiwu. A can harshen Kalaallisut, ɗan'uwan Inuktut, shi ne harshen gwamnati tun 2009, kuma an daɗe ana horar da malamai da shi, tun kwalejin malamai da aka buɗe a Nuuk a ƙarni na 19. Jaridu da littattafai da labaran rediyo duk da shi ake yi, domin an sami tsararraki na mutanen da aka karantar su yi aiki da shi.

Ina matsayin dattawa a cikin wannan duka?

Su ne ƙamus ɗin. Akwai sauran mutane a Nunavut da aka haifa a sansanin farauta, suka girma ba su ji Turanci ba, kuma Inuktut ɗinsu bai gauraya da komai ba. A wajensu ake jin bambancin maligait, abubuwan da ake bi, da piqujait, abubuwan da aka umarta, da tirigusuusiit, abubuwan da ake ƙauracewa. A wajensu ake koyon yadda suna ke ɗauke da zumunta: idan an sa wa jaririya sunan kakan da ya rasu, ƴar mamacin za ta riƙa kiran jaririyar da "baba", kuma kowa a gidan ya san abin da zai kira ta da shi. Wannan ilimi, wanda suke kira Inuit Qaujimajatuqangit, ba a raba shi da harshen, shi ya sa shirye-shiryen horon ke kawo dattawa cikin aji, wani lokaci kuma a fita da ɗalibai bayan gari, inda kalmomin ƙanƙara da iska suke da abin nunawa. Waɗannan dattawa yawancinsu sun haura 70, kuma duk shekara suna raguwa.

Wanda ke wani gari mai nisa, ya zai yi?

Nan ne wahalar ta fi yawa. Cikakken shiri yana bukatar mutum ya zauna inda ake ba da shi, kuma galibi Iqaluit ne, garin da ke fama da ƙarancin gidaje da tsadar abinci. Tikitin jirgi daga yammacin Nunavut yana da tsada ƙwarai, wani lokaci ma sai an ratsa ta Yellowknife ko Rankin Inlet kafin a iso. Mace mai ƴaƴa ƙanana sai ta sami mai riƙe mata su, kuma wanda ya fi kowa iya harshen a ofis shi ne wanda shugabansa ya fi jin nauyin saki, domin in ya tafi babu mai amsa wa dattawa a ƙofa. Kwalejin Nunavut Arctic tana da cibiyoyin karatu a garuruwa, takan kuma kai shirin horar da malamai can a maimakon ta jira ɗalibai su zo. Ana gwada darasi ta intanet, duk da cewa duk yankin da tauraron ɗan'adam yake haɗuwa da duniya, kuma layin yakan yi rauni. Mai son shiga zai fara da cibiyar karatu ta garinsu ko ofishin ƙungiyar Inuit ta shiyyarsa, ya tambayi lokacin ɗaukar ɗalibai, da batun masauki, tun da sauran watanni.